Shaidar Na Ƙarshe

Ƙarfe uku na dare a Matosinhos,
iskar teku tana dukan tagar ofis,
jiragen sardin sun fara shigowa,
shayina ya huce a gefen allo.

Benedita ce ta tashe ni da waya:
"Kundin awon kifi ya lalace,
ɗauko mana ajiyar da kuke yi kullum."
Na ce mata, kwantar da hankalinki,
dare goma sha tara a jere
na'ura tana aiko mini: an gama lafiya.

Na buɗe. Fayil goma sha tara,
kowanne nauyinsa bayit ashirin.
Kwanduna ne, an ɗaure bakinsu tamau,
ko ƙaya babu a ciki.

Layi ɗaya ne tsoho Fausto ya rubuta
kafin ya ajiye aiki ya koma ga inabinsa:
pg_dump ya ɗebo, ya zuba a bututu,
gzip ya tara hannu, ya matse, ya adana.
Ran ɗaya ga wata aka sauya kalmar sirri.
Na farko ya ƙwanƙwasa, aka ƙi buɗe masa,
ya faɗi da lamba ɗaya a hannu,
kukansa kuwa tun tuni an karkatar da shi
cikin ramin da ba ya mayar da amo.
Na biyu ya jira, babu ta iso,
ya karɓi babu, ya matse ta da kyau,
ya ɗaga sifili, ya ce: ni dai na gama.

Bai yi ƙarya ba.
Abin da ya fi ci mini rai ke nan.
Mu ne muka tambayi na ƙarshen layi
labarin tafiyar da bai yi ba.

Na leƙa ƙasa. A bakin gaɓa
maza shida suna miƙa kwando hannu da hannu.
Na shidan yana ajiyewa a kan ma'auni,
amma shi in ya ji kwando ya yi shafal
zai juya ya daka wa na jirgi tsawa.
Bututu ba ya juyawa sai an ce ya juya.

Sai na sa masa set -o pipefail a goshi:
in ɗaya ya faɗi, kowa ya faɗi.
Na kira PIPESTATUS, mai riƙe lambar kowa,
amma a tambaye shi nan take,
umarni guda in ya gitta, ya manta.

Na ɗauka shi ke nan.
Washegari ƙararrawa ta hana ni barci:
ɗari da arba'in da ɗaya.
Ashe head ne ya sha layi goma ya ƙoshi,
ya rufe baki, na bayansa yana tsaka da zuba.
Jibi kuma grep ya dawo da ɗaya,
ba don ya kasa ba, ya duba ne bai samu ba.
Wanda jiya shiru ya cuce shi,
yau hayaniya ce za ta kashe shi.
Dole na zauna da kowace lamba,
in san wadda ke kuka da wadda ke gyaran murya.

Kundin bai dawo ba.
Benedita ta hau bene da akwatin takalmi
cike da takardun masu awo, masu ƙarnin kifi,
wasu gishiri ya cinye musu tawada.
Tana karantowa, ina bugawa, kwana huɗu.
Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni.
A rana ta huɗu ta cire tabarau, ta ce:
"Daga yau in ya ce maka lafiya,
ka ɗaga kwandon ka ji nauyinsa."